Zaɓen 1951 a New York: Yadda Aka Yi Amfani da Kujerar Shugaban Majalisar Birni Wajen Hukunta Iyayen Gidan Siyasa

A watan Satumban 2024, lokacin da masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka suka tuhumi magajin garin New York na wancan lokaci, Eric Adams, da laifukan da suka haɗa da cin hanci, tambayar da ta fi yawo ita ce: in ya sauka, wa zai hau? Masu bibiyar labarin daga nesa sun ɗauka ko ɗaya daga cikin mataimakansa ne, ko kuma kakakin majalisar birnin. Sai aka ce musu a'a, wani mutum ne mai suna Jumaane Williams, mai riƙe da muƙamin da ake kira Public Advocate, wato mai kare muradun jama'a, ofishin da ko mazauna birnin ba kowa ne zai iya faɗa maka aikinsa ba.

Adams bai sauka ba, kuma an yi watsi da tuhumar a watan Afrilun 2025. Amma ruɗanin yana nan. Wannan muƙami tsohuwar kujerar shugaban majalisar birni ce aka sauya wa suna, kuma zaɓen da ya fi fito da yanayinta fili shi ne na cike gurbi da aka yi ranar 6 ga Nuwamban 1951.

Shugaban majalisa daban, kakakin majalisa daban

Birnin New York gundumomi biyar ne aka haɗe a 1898: Manhattan, Brooklyn, Bronx, Queens da Staten Island. A ƙidayar 1950 mutanensa sun kusa miliyan 7.9. Kundin mulkin birnin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1938 ya kafa sabuwar majalisar kansiloli, ya kuma tanadi muƙamai uku da dukkan masu zaɓen birnin ke kaɗa wa ƙuri'a: magajin gari, kwanturola mai kula da baitulmali, sai shugaban majalisa.

Nan ne mutane ke rikicewa. Shugaban majalisar ba kansila ba ne, kuma ba kansiloli ke zaɓensa a tsakaninsu ba. Ba shi da mazaɓa. Yana zama bisa kujerar jagorancin zama, ya buga guduma, ya ba wannan dama ya hana wancan, amma ba ya kaɗa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. Wanda ke juya majalisar a zahiri shi ne jagoran masu rinjaye, muƙamin da daga baya aka mayar kakakin majalisa.

To me ya sa ake kashe kuɗi da ƙarfi a kan irin wannan kujera? Na farko, shi ne magajin magajin gari: da zarar kujerar sama ta zama ba kowa, shi zai hau riƙon ƙwarya. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi a harkar yau da kullum, yana da wuri a wata hukuma mai mutum 8 da ake kira Board of Estimate, wadda za mu kira hukumar kasafi. Ita ke da ta cewa a kan kasafin kuɗi, kwangiloli, albashin ma'aikata, filayen gwamnati da izinin gine-gine. A wancan zamani ƙuri'u 16 ne a cikinta. Magajin gari, kwanturola da shugaban majalisa kowannensu na da 3. Shugabannin gundumomin Manhattan da Brooklyn na da bibbiyu, sauran ukun kuma ɗai-ɗai. Ke nan mutumin da ba shi da ƙuri'a a majalisar da yake shugabanta, nauyin hannunsa ɗaya ne da na magajin gari a wurin da ake raba kuɗi.

Yadda kujerar ta zama ba kowa

A 1945 jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da William O'Dwyer, haifaffen ƙasar Ailan, tsohon ɗan sanda kuma tsohon mai gabatar da ƙara na Brooklyn, takarar magajin gari. Al'adar jam'iyyar a lokacin ita ce a raba manyan kujeru uku tsakanin manyan al'ummomin birnin, a kuma lura da gundumomi. An samu ɗan asalin Ailan daga Brooklyn, an samu Bayahude daga Bronx, Lazarus Joseph, a kujerar kwanturola. Saura ɗan asalin Italiya daga Manhattan. Sai aka ɗauko Vincent Impellitteri, haifaffen tsibirin Sisili, wanda sakataren wani alƙali ne da ba a san shi ba a fagen siyasa. Labarin da ake bayarwa har yau shi ne, a kundin sunayen ma'aikatan birni aka yi ta bin layi har aka ci karo da sunansa. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna yadda manyan jam'iyya suka ɗauki kujerar: ta cike lissafi ce.

O'Dwyer ya sake cin zaɓe a Nuwamban 1949. Wata guda bayan haka jaridar Brooklyn Eagle ta fara buga rahotanni kan yadda 'yan caca ke biyan 'yan sanda kuɗin kariya. Mai gabatar da ƙara na Brooklyn, Miles McDonald, ya shiga bincike. O'Dwyer ya kira binciken bita da ƙulli, har ya jagoranci dubban 'yan sanda zuwa jana'izar wani kyaftin da ya kashe kansa bayan an yi masa tambayoyi. Amma ƙurar ba ta kwanta ba. A ƙarshen Agustan 1950 ya ajiye aiki, shugaba Harry Truman ya naɗa shi jakadan Amurka a Meziko. Makonni kaɗan bayan tafiyarsa aka kama Harry Gross, uban 'yan cacar da aka ƙiyasta harkarsa ta kai dala miliyan 20 a shekara, yana ware kimanin miliyan 1 don toshiyar bakin 'yan sanda.

Haka Impellitteri ya wayi gari a kujerar magajin gari na riƙo. Ya nemi jam'iyyarsa ta ba shi takara a zaɓen Nuwamban 1950, ta hana shi, ta ba alƙali Ferdinand Pecora. Sai ya kafa tasa 'yar jam'iyyar, ya yi yaƙin neman zaɓe da taken cewa shi ba shi da ubangida kuma ba a saye shi ba, ya kuma ci da ratar ƙuri'a sama da dubu 200. Da yake bai saki kujerarsa ta shugaban majalisa ba sai da ya tabbata magajin gari, ba a iya cike ta a wannan zaɓe ba. Dole aka jira Nuwamban 1951, jagoran masu rinjaye Joseph Sharkey na Brooklyn ya riƙe ta kafin nan. Wanda ya ci zai ƙarasa shekara biyun da suka rage ne kawai.

Tammany da Costello

Ba a fahimtar wannan zaɓe sai an san Tammany Hall. Suna ne na ƙungiyar da ke riƙe da jam'iyyar Dimokurat a Manhattan tun ƙarni na 19. Ƙarfinta daga unguwanni yake. Kowace unguwa da jagoranta, wanda zai nemo wa baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa aiki, ya kai wa gwauruwa gawayin ɗumama ɗaki, ya yi wa yaron da aka kama magana a wurin alƙali. Ranar zaɓe kuma a biya shi da ƙuri'a. Daga sama, ƙungiyar ke raba muƙamai, kujerun alƙalai da kwangiloli. Sauran gundumomi suna da nasu iyayen gidan, kamar Edward Flynn a Bronx, amma a bakin jama'a duk Tammany ake ce musu.

Shekaru 12 na mulkin Fiorello La Guardia, daga 1934 zuwa 1945, sun busar da wannan rijiya, domin muƙaman birni sun daina biyowa ta hannun ƙungiyar. Wanda ya zo da kuɗi a lokacin wannan fari shi ne Frank Costello, ɗaya daga cikin shugabannin gungun masu laifi da ake kira Mafiya. A 1943 mai gabatar da ƙara na Manhattan, Frank Hogan, ya fitar da wata hirar tarho da aka naɗa a ɓoye, inda wani alƙali mai suna Thomas Aurelio ke yi wa Costello godiya kan samar masa takarar babbar kotun jiha, yana yi masa alkawarin biyayya har abada. Duk da wannan fallasa Aurelio ya ci zaɓensa. Wato mutanen New York sun daɗe da sanin abin da ke gudana. Karanta shi a jarida dai ba ɗaya ba ne da ganinsa.

Kwana takwas a gaban talabijin

A watan Mayun 1950 Majalisar Dattawan Amurka ta kafa kwamitin binciken gungun masu aikata manyan laifuka, ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver na jihar Tennessee. Kwamitin ya zaga birane 14, ya saurari shaidu sama da 600. Babban lauyansa, wanda ke yi wa shaidu tambayoyi, shi ne Rudolph Halley, ɗan shekara 37, wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a kwamitin Truman da ya binciki kwangilolin yaƙin duniya na biyu.

Ranar 12 ga Maris 1951 kwamitin ya fara zama a kotun tarayya da ke dandalin Foley a Manhattan, ana nunawa kai tsaye a talabijin. An ƙiyasta mutum miliyan 20 zuwa 30 sun kalla a faɗin ƙasar. Waɗanda ba su da akwatin a gida sun cika mashaya da gaban shagunan sayar da kayan lantarki.

Da aka kira Costello, lauyansa ya ce ba su yarda a nuna fuskarsa ba. Kwamitin ya amince. Masu ɗaukar hoto kuwa sai suka saukar da kyamara kan hannayensa. Abin da miliyoyin mutane suka yi ta kallo ke nan: yatsu suna ƙwanƙwasa tebur, suna murza hankici, suna yayyaga takarda, suna miƙawa ga kofin ruwa, ga muryarsa mai kaushi tana cewa bai tuna ba. A ɗaya gefen kuma muryar Halley ce, ba ɗagawa ba saukewa, yana maimaita tambaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Da aka tambayi Costello abin da ya taɓa yi wa ƙasar da ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, sai ya ce ya biya harajinsa, ɗakin ya fashe da dariya. Ana cikin zaman ya tashi ya fice, yana cewa maƙogwaronsa na ciwo, abin da ya jawo masa ɗaurin wata 18 kan raina majalisa.

O'Dwyer ma ya taso daga Meziko ya ba da shaida. Ya amsa cewa ya taɓa zuwa gidan Costello a 1942, amma ya ce aikin binciken soja ne ya kai shi. Shugaban ƙungiyar 'yan kwana-kwana, John Crane, ya shaida cewa ya miƙa masa dala dubu 10 a cikin ambulan. O'Dwyer ya musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi kan wani laifi ba.

Sauran watannin shekarar ba su kawo sauƙi ba. An riga an kama 'yan wasan ƙwallon kwando na kwalejin birnin, waɗanda suka ɗauki manyan kofuna biyu na ƙasa a 1950, kan karɓar kuɗin 'yan caca don rage maki. Harajin saye da sayarwa na birnin ya tashi daga kashi 2 zuwa kashi 3 cikin ɗari. Sannan a watan Satumba, saura makonni zaɓe, shari'ar 'yan sanda 18 da ake tuhuma da karɓar kuɗin Gross ta rushe. Gross, wanda shi ne babban shaida, ya sulale daga hannun masu gadinsa, aka gano shi a filin sukuwa na Atlantic City, aka dawo da shi, ya hau wurin ba da shaida, ya ce ba zai ƙara cewa uffan ba. Kotu ta sallami waɗanda ake tuhuma.

'Yan takara huɗu da hujjar kowanne

Dimokurat ta tsayar da Sharkey, mai riƙon kujerar. Hujjar magoya bayansa ita ce gogewa: ya daɗe a majalisa, ya san yadda ake fitar da doka, kuma shi ɗan Brooklyn ne, ba ɗan Tammany ta Manhattan ba, babu kuma wanda ya kama shi da wani laifi. Suna ganin ba adalci ba ne a ɗora masa zunubin wasu. Masu adawa da shi suka ce ba mutumin ake tuhuma ba, tsarin da ya fito da shi ne.

Halley ba shi da jam'iyya babba. Jam'iyyar Liberal ce ta ɗauko shi, wadda shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago biyu, David Dubinsky na masu ɗinkin tufafin mata da Alex Rose na masu yin huluna, suka kafa a 1944 bayan sun ɓalle daga jam'iyyar ƙwadago ta American Labor saboda tasirin 'yan gurguzu a cikinta. Dokar jihar New York ta yarda ɗan takara ɗaya ya fito a layin jam'iyya fiye da ɗaya, a haɗa masa ƙuri'un duka. Wannan doka tana nan har yanzu, ita ce ta sa aka ga sunan ɗan takarar magajin gari Zohran Mamdani sau biyu a takardar zaɓen 2025. Halley ya fito a layin Liberal da wasu ƙananan layuka biyu. Yawanci Liberal takan mara wa ɗan takarar wata babbar jam'iyya baya ne ta karɓi rabonta. A wannan karo ta gwada ƙarfinta ita kaɗai.

Hujjarsa ba ta da sarƙaƙiya: a hukumar da ake raba kuɗin birni, ya kamata a samu mutum ɗaya da ba ya cin tuwon kowa, wanda zai sa ido ya kuma yi magana. Majalisar kansilolin kanta ta taimaka wa wannan hujja. Daga 1937 ana zaɓen kansiloli ne ta tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, wanda ya shigar da ƙananan jam'iyyu, har da 'yan gurguzu biyu, ya kuma ba Adam Clayton Powell damar zama baƙar fata na farko a majalisar a 1941. An soke tsarin a ƙuri'ar raba gardama ta 1947. A zaɓen 1949 Dimokurat ta kwashe kujeru 24 cikin 25, aka bar ɗan Rifablikan ɗaya tilo, Stanley Isaacs.

Masu sukar Halley ba su rasa abin faɗa ba. Bai taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba, bai taɓa tafiyar da wata ma'aikata ba. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe yana gabatar da wani shirin talabijin na tashar CBS kan labaran masu laifi, abin da ya sa abokan hamayya suka ce ya mayar da binciken majalisa tsanin hawa. Akwai lauyoyin da tun farko suka ƙi jinin a tsayar da shaida gaban fitilu da kyamara ba tare da kariyar da kotu ke bayarwa ba. Wasu 'yan asalin Italiya kuma sun ji an shafa wa al'ummarsu duka baƙin fenti saboda sunayen da aka yi ta kira. Sannan ga tambayar da ta fi wuyar amsawa: shugaban majalisa ba ya ba ɗan sanda ko ɗaya umarni, ba ya gurfanar da kowa, to da me zai yaƙi 'yan caca?

Rifablikan ta ƙi haɗa kai da Liberal, ta tsayar da ɗan majalisar wakilai Henry Latham daga Queens, tana cewa ita ce adawa ta ainihi, kuma masu gidaje da ƙananan 'yan kasuwa suna buƙatar mai rage kashe kuɗi. Jam'iyyar American Labor ta tsayar da Clifford McAvoy. A lissafin da aka saba, rabuwar 'yan adawa gida uku nasara ce ga Dimokurat tun kafin a buɗe rumfa.

Sakamako, da yadda aka fassara shi

Halley ya samu ƙuri'a sama da dubu 650. Sharkey bai kai dubu 500 ba, Latham ya biyo shi da sama da dubu 400, McAvoy kuma ya ɗan haura dubu 100. Babu zagaye na biyu, mai rinjaye ya ɗauka.

Fassarar da ta fi karɓuwa a lokacin ita ce jama'a sun yi wa iyayen gidan siyasa bulala karo na biyu cikin shekara guda, kuma talabijin ta nuna tana iya yin aikin da jagororin unguwa ke yi. A da, mutum ba ya sanuwa a gundumomi biyar sai ƙungiya ta ɗauke shi ta kai shi ƙofa-ƙofa. Halley ya shiga ɗakunan mutane cikin kwana takwas.

Akwai kuma fassarar da ta fi taka-tsantsan, kuma alƙaluma suna goyon bayanta. Halley bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Jimillar ƙuri'un ba ta wuce kimanin miliyan 1.7 ba, alhali a zaɓen magajin gari na 1950 an kaɗa sama da miliyan 2.6. A wancan zamani sai mutum ya sake rajista kowace shekara kafin ya yi zaɓe, don haka waɗanda suka fito a shekarar da babu babbar takara su ne masu jin haushi ko masu kishin jam'iyya. Ƙari a kan haka, hukuncin mai araha ne. Ɗan Dimokurat na iya juya wa jam'iyyarsa baya a kan wannan kujera ba tare da ya miƙa wa wani mulkin birni ba. Sharar unguwarsa, makarantar 'ya'yansa da aikin ƙaninsa duk suna nan a hannun da suke.

Fassarorin biyu ba sa karo da juna sosai. Fushin gaskiya ne, sai dai ya sauka a wurin da ba zai jawo wa mai fushin asara ba. Abin da ya biyo baya ya fi karkata ga fassara ta biyu.

Me talaka ya gani a ƙasa?

Ƙuri'a 3 cikin 16 ba ta hana komai wucewa. Abin da Halley ya samu shi ne mumbari: damar tambayar dalilin kwangila a bainar jama'a, da tilasta wa sauran su kare matsayinsu a gaban 'yan jarida. A majalisar kansiloli kuwa Sharkey ya koma kujerarsa ta jagoran masu rinjaye, wato wanda aka kayar shi ke da ƙuri'u, wanda ya ci kuma guduma kawai gare shi.

Batun kuɗin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya nuna iyakar kujerar. Shekara 44 ana shiga jirgin da senti 5, sai a 1948 aka mayar da shi senti 10. A 1953 gwamnan jiha Thomas Dewey da majalisar jiha suka gindaya wa birnin sharaɗi: in yana son ƙarin ikon karɓar haraji, sai ya miƙa jiragen da motocin bas ga wata hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa ɗaukar nauyin kanta daga kuɗin fasinja. Masu goyon baya suka ce giɓin da sufuri ke jawowa yana cinye kuɗin makarantu da asibitoci. Masu adawa, ciki har da Halley, suka ce an ɗauke nauyi daga kan masu hali an ɗora wa ma'aikacin da ke shiga jirgi sau biyu a rana. Aka miƙa. A watan Yulin 1953 kuɗin ya koma senti 15, kuma da yake ƙofofin shiga ba sa karɓar tsaba biyu, sai aka ƙero wani ɗan ƙarfe na musamman da ake saya a jefa, wanda mutanen birnin suka yi shekara 50 suna amfani da irinsa.

A ɓangaren 'yan sanda an samu sauyi, an kori wasu, da dama sun yi ritaya ba shiri, amma wannan aikin masu gabatar da ƙara ne da kwamishinonin 'yan sanda, ba na shugaban majalisa ba. Shekara 20 bayan haka wani kwamitin bincike, na Knapp, ya sake tarar da irin wannan karɓar na goro daga 'yan caca.

Inda zaɓen ya fi tasiri shi ne cikin jam'iyyar Dimokurat. Carmine DeSapio, wanda ya karɓi ragamar Tammany a 1949, ya karanci abin da ya faru. A 1953 ya haɗa kai da Bronx suka mara wa Robert Wagner baya, shugaban gundumar Manhattan, ɗan sanatan da 'yan ƙwadago ke girmamawa, mutumin da ba a iya jingina masa Costello. Wagner ya kayar da Impellitteri a zaɓen fitar da gwani. Halley ya nemi magajin gari a layin Liberal, ya zo na uku da ƙuri'a ƙasa da dubu 500, bayan Wagner da ɗan Rifablikan Harold Riegelman. Mutanen da suka amince masa ya zama mai sa ido ba su ba shi makullin gidan ba. Ya koma aikin lauya, ya rasu a 1956 yana da shekara 43. Wagner ya yi shekara 12 a mulki, kuma a 1961 shi da kansa ya juya wa DeSapio baya, ya ci zaɓe da taken yaƙi da iyayen gida.

Daga shugaban majalisa zuwa mai kare muradun jama'a

Kujerar ta ci gaba da zama wurin gwada sababbin fuskoki. Paul O'Dwyer, ƙanin William, ya riƙe ta daga 1974. A 1977 Carol Bellamy ta kayar da shi a zaɓen fitar da gwani, ta zama mace ta farko da dukkan birnin ya zaɓa a wani muƙami. Ita ce daga baya ta shugabanci UNICEF daga 1995 zuwa 2005.

Abin da ya karya kujerar daga kotu ya zo. A watan Maris na 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa tsarin hukumar kasafi ya saɓa wa ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, domin a lokacin an daidaita ƙuri'un gundumomi, Brooklyn mai mutum sama da miliyan 2 tana da nauyi ɗaya da Staten Island mai kimanin dubu 350. A Nuwamban shekarar masu zaɓe suka amince da sabon kundi. Aka rushe hukumar, aka mayar da yawancin ikonta ga magajin gari da majalisa, aka ƙara kansiloli daga 35 zuwa 51, kakaki ya zama mutum na biyu a ƙarfi a birnin.

Shugaban majalisa ya rasa ƙuri'unsa na wurin rabon kuɗi. An yi muhawara ko a soke muƙamin gaba ɗaya. Masu son a soke suka ce ofis ne na neman suna da kuɗin jama'a. Masu son a bar shi suka ce tunda an ƙara wa magajin gari ƙarfi, ana buƙatar wani zaɓaɓɓe da zai karɓi koken jama'a ya kuma binciki ma'aikatu. A 1993 aka sauya masa suna, Andrew Stein ya zama na ƙarshe da ya amsa sunan shugaban majalisa, Mark Green ya zama na farko da aka zaɓa da sabon suna.

Abin da ya rage wa ofishin yau bai wuce abin da Halley ya yi alkawari a 1951 ba, wato sa ido da magana, sai damar gabatar da ƙudurin doka ba tare da ƙuri'a ba, sai kuma gadon kujerar magajin gari na ɗan lokaci kafin a yi zaɓen cike gurbi. Bill de Blasio daga nan ya tashi ya zama magajin gari a zaɓen 2013. Letitia James daga nan ta zama babbar lauyar jihar New York, kuma gurbin da ta bari ne Jumaane Williams ya cike a zaɓen Fabrairun 2019. Tun bayan Impellitteri a 1950, babu mai riƙe da wannan kujera da ya sake gadon magajin gari a tsakiyar wa'adi.